Janar Ergash a Rabin Aji

"A ba ni yaran nan safiya ɗaya tak," in ji Ergash, ya daki tebur har kofunan shayi suka yi tsalle. "In ban mayar da su sojoji ba, ba ni ne Ergash ba!"

In ka taɓa zama a gidan shayin unguwarmu ta bayan kasuwar Samarkand, to ka san Ergash, ko kana so ko ba ka so. Gajere ne, tumbi a gaba kamar ya haɗiyi kankana, gashin baki kamar an kafa tsintsiya biyu. Janar ake ce masa, amma tsakanina da kai, iyakar aikin sojansa gadin barguna ne a sito. Abokan gabar da ya taɓa gwabzawa da su ɓeraye ne, su ɗin ma su suka ci yaƙin.

Jikarsa Zebo, 'yar shekara biyar, ita ta tunzura shi. Shekara guda cur tana zuwa rabin aji, kullum ya tambaye ta me aka koya, sai ta ce, "Wasa."

"Wasa fa!" Ya dubi abokansa. "Lokacin zubar ganye, ganye suka yi ta tsinta. Da sanyi ta dawo hannu duk ƙullu, wai sun buɗe gidan burodi. Da furanni suka fito, tsutsa ta kawo mini a aljihu, wai sunanta Gulnora, in gaishe ta!"

Tolib mai aski ya ƙyafta wa sauran ido. "To Janar, ka je ka gyara musu zama mana."

"Gobe ma kuwa! Ku zo da hantsi ku sha kallon fareti. Malamar ta kuskura ta ce uffan, in cire jikata."

Da Malama Dilfuza ta gan shi da safe cikin tsohon kakin da maɓallansa ke neman agaji, ƙirji ya sha lambobi, usur a wuya, sai ta yi murmushi. "Baba, ai dama makon ƙarshe ne, kakanni muke gayyata. Ajin naku ne."

"To ki fita. Kwamanda biyu ba sa zama bariki ɗaya."

Ta ɗauki kwanon karas ɗin shinkafar rana, ta zauna a waje gindin taga tana yankawa.

Janar ya busa usur. "A ƙame!"

Yara suka ƙame ƙam. Wani ƙafa ɗaya a sama, wata yatsa a hanci, ko ƙifta ido babu. Daɗi ya kashe Janar, ya ce a ransa, ka ji aikin maza. Ya juya zai yi rubutu a allo, ya ji ƙus-ƙus. Ya waigo: suna ƙame, amma kamar sun matso. Ya juya, ya sake waigowa: sun ƙara matsowa, suna ta danne dariya. A juyi na uku ya ji tas a ɗuwawu.

"Mun kama Kaka! Mun kama Kaka!"

Ashe wasan gumaka ne, tun farkon shekara suke yin abinsu.

"Shiru! Ku yi layi a bayana! Hagu, dama! Hagu, dama!"

Suka yi layi kuwa. Na gaba ya cafke ɗamarar Janar, na baya ya cafke rigar na gaba, wani ya rangaɗa, "Kuuuu!" Shi ke nan, fareti ya zama jirgin ƙasa, Janar ne kan jirgi. Ya busa usur su tsaya, su kuwa a wurinsu busa na nufin a ƙara wuta. Suka tura shi ya kewaye aji, ya tsallake akwatin yashi, ya yi karo da gidan kwali, hularsa ta faɗa bahon ruwa. Gumi har cikin takalmi.

Ya ƙwace da ƙyar, ya faɗa kan wata 'yar kujera da ko rabin mazauninsa ba ta ɗauka ba. Bayansa ya ce ƙas! Kujera ta zame, Janar ya baje a kan darduma rigingine, kamar kunkurun da aka kifar. Ko yatsa ya motsa sai ya ga taurari.

Malama ta leƙo ta taga. "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau! Dabarar yaƙi ce. Koma kan karas ɗinki!"

Zebo ta tsaya a kansa, ta riƙe ƙugu, ta kwaɗa kira: "Mara lafiya!"

Kai, ka so ka ga aiki. Yaran da suka kasa hagu da dama, kafin ka ce kwabo kowa ya kama matsayinsa. Zebo ta zura farar riga, ita ce babbar likita. Aka naɗe ƙafafun Janar da bandeji, aka ɗiɗɗiga masa koren fenti a goshi da kumatu, irin yadda iyaye mata ke yi wa mai ƙuraje. Aka cire usur, wai ba a busa a asibiti. Ya buɗe baki zai yi tsawa, aka zura masa cokali a auna zazzaɓi.

Wani yaro mai kumatu mai suna Otabek ya ɗora mazurari a tumbin Janar, ya kara kunne. Janar kuwa bai karya ba saboda ɗoki, ga ƙamshin shinkafa na shigowa. Ciki ya ce ƙululu.

Otabek ya zaro ido. "Likita! Yana motsi!"

Matar da ke taya malama aiki ta haihu a watan jiya, tun daga nan babu wasan da ajin ke so kamar na haihuwa. Nan da nan aka ɗaura wa Janar kallabi, aka lulluɓe shi da bargo.

"Yi nishi, Kaka!"

"Wayyo bayana!"

"Yauwa, haka! Ƙara!"

Daidai nan ƙofa ta buɗe. Tolib ne da duk mutanen gidan shayi, har da shugaban unguwa da suka gayyato kallon fareti. Suka yi cirko-cirko. Zebo ta zura hannu ƙarƙashin bargo, ta zaro 'yar tsana mai ido ɗaya, ta ɗaga sama.

"Mace ce!"

Otabek ya zura nasa hannun, ya zaro ɗan biri na auduga. "'Yan biyu ne!"

Shugaban unguwa, dattijo mai kamun kai, ya dafa ƙirji ya ce, "Barka da arziki, Janar." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Tolib dai sai da aka riƙe shi don dariya.

Janar ya tofar da cokali, ya kira Malama da 'yar murya. "'Yar nan, ɗaga ni don Allah. Zebo ta zauna a makarantar nan har ta yi furfura, na yarda."

"Baba, ai kun kore ni daga barikin," in ji Malama, tana share hawayen dariya. "Sai abin da likita ta ce."

Zebo ta kwantar da 'yar tsana a dama, biri a hagu, kan lambobin Janar, ta juyo wajen baƙi fuska a murtuke.

"Maza duk ku fita. Mai jego zai ba da nono."