Ranar da Na Riƙe Rago Na Saki Wando

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗiyata ta fari ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bari ba. Tun da kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har da waɗanda ba sa cikin Gaya a ranar, gara ni ma in ba da nawa. Ba na cewa nawa ya fi na kowa daidai, amma dai ni ne mai wandon.

Bayan na gama jami'a a Yamai na dawo gida, na sami aiki a buro, wato ofishin wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya. Aikin zama ne, kujera daga safe har la'asar. Da rana sakwara da miyar gyaɗa, da yamma soyayyen kifi, shayi kuwa sai sukari ya yi masa yawa nake jin ya yi daidai. Kafin in ankara na wuce kilo ɗari. A wurinmu wannan ba aibu ba ne, cewa ake yi ka ji daɗi. Masu kabu-kabu, masu haya da moto, wato babur, su ne kaɗai ba su taya ni murna ba, don in na tsayar da ɗaya sai ya fara duban tayar baya kafin ya dube ni. Taubashina Sanda, direban babbar mota, shi ya laƙaba mini suna Kamyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, kuma sunan ya bi ni har masallaci.

Da matata Hajara ta sami ciki, wata rana na raka ta awo. Likitan ya gama da ita, ya dube ni, ya ce in miƙo hannu ni ma. Ya auna, ya sake aunawa, ya ce tansiyona, wato jinina, ya hau sosai. Ya tambaye ni ko akwai mai ciwon a gidanmu. Akwai. Mahaifina a bakin shagonsa ya yanke jiki ya faɗi ina ɗan makaranta, bai sake magana ba. Likitan ya ce in rage gishiri da mai da sukari, in riƙa tafiya da ƙafa, sannan ya nuna cikin Hajara da biro ya ce, "Wannan yana bukatar uba mai rai."

Ni mutum ne mai ɗaukar magana da nauyi (wasu na cewa fiye da kima, kuma mai yiwuwa suna da gaskiya). A makon nan na tsallaka gadar kogi zuwa ƙasar Binin, na je kasuwar Malanbil na sayo sikeli na hawa, na tura shi ƙarƙashin gado. Kullum bayan sallar asuba sai in taka da ƙafa har kusa da gada in dawo. Mutane suka shiga damuwa. Ba a rasa mai tsayar da moto ya ce, "Lafiya? Taka ta lalace ne? Hau in kai ka." In na ce motsa jiki nake, sai ya dube ni da tausayi. Innata da ke Tanda ta ji labari ta aiko da jiƙo a gora, da saƙon cewa in bashi ne ya hana ni zama in faɗa, a sayar da saniya.

Da farko allurar sikelin ta ɗan ja baya, na yi murna har na yi kuskuren gaya wa Sanda. Daga nan ta tsaya. Wata ya wuce, wani ya biyo, tana nan inda take. Na gwada hawa kafin in sha ruwa. Na gwada cire agogo. Na kai shi tsakar gida, na dawo da shi ɗaki, na tsaya da ƙafa ɗaya, na fitar da duk numfashin da ke ƙirjina (ni mai digiri, na san iska ba za ta rage kilo ba, amma na fitar). Allura ko gezau. Sanda kuwa duk inda ya hange ni sai ya ɗaga murya: "Kamyo! Me sikeli ya ce yau? An sauke lodi ko yana nan?"

Hajara ta haihu lafiya, ta tafi wankan jego gidan iyayenta, can za a yi suna. Na yanki shadda. Tun da sikeli ya ce ban canza ba, ban ga dalilin zuwa wurin tela ya auna ni ba. Na ɗauki tsohon wandona na aika masa ya ɗinka daidai da shi, na kuma ce ƙugun zamani nake so, mai maɓalli, ban da zariya. Abin da ban lura ba shi ne, watanni ina yawo cikin wanduna masu zariya, kullum ina ƙara jan igiya ba tare da na yi tunanin komai ba.

Da safiyar suna na hau sikeli. Allura tana nan inda take. Na zauna a bakin gado na ce, to, ya isa. Na wahala, na zama abin dariya, na ci miya lami, ga sakamako. Yau zan ci masa da fanke har in kasa tashi, gobe kuma ba tafiya. Abin da ya sami Baba, in shi Allah ya rubuta mini, ya zo. Da wannan zuciyar na sa sabon wando, na ji shi yana yawo a ƙuguna. Na zagi tela a raina (Allah ya yafe mini, bawan Allah bai yi komai ba sai abin da na ce), na ninka ƙugun na soke kamar mai ɗaura zani, na zura riga a kai na fita.

Kowa ya san uban ɗan fari ba ya nuna kansa ranar suna, balle a gidan surukai. Na raɓe can bayan abokai a jikin katanga, ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan farantin masa. Surukina Alhaji Mamman, dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba, yana gaba kusa da liman. Aka yi addu'a, aka faɗi suna, aka shafa. Saura yanka. Ragon yana ɗaure a gindin dogonyaro, fari tas, mai ƙaho murɗaɗɗe, ni na zaɓo shi da kaina don in fita kunyar surukai. Sanda ya je kwance shi, igiya a hannu ɗaya, waya a kunne. Ragon ya fizga sau ɗaya, igiyar ta zame daga wuyansa, ya ratsa ta tsakiyar tabarmi ya yi waje.

Ya nufi babban titi, inda manyan motoci ke jere suna jiran duwan, wato kwastam. Abin da ya zo mini shi ne, ko mota ta take shi, ko ya ɓace cikin kasuwa, ɗiyata ta tashi ana ce mata wadda ragon sunanta ya gudu. Ban san lokacin da na tashi ba. Na tattare rigata na aza a kafaɗa don kada ta harɗe ni, na bi.

Mutane da yawa sun biyo, amma ba duka suka yi nisa ba. Na wuce Sanda a kwanar farko, ya dafa gwiwoyi yana huci kamar injin niƙa. Na wuce wani ƙanin Hajara da ke buga ƙwallo (ya ce takalminsa ne ya tsinke, ban musa ba). Ragon ya shiga tsakanin motoci, na shiga. Ya tsallake kwalbati, na tsallake. Ni! Wanda bara in na hau benen buro sai na tsaya a tsakiya ina yi kamar ina duba waya. Daga ƙarshe ya maƙale tsakanin tayar wata mota da teburin wata mai ƙyafaffen kifi, ya juyo zai tunkuye ni, na cafke ƙahonsa biyu da hannu biyu.

Ya ja baya da ƙarfi. Na kafa ƙafa, na tsuke ciki, na ja ni ma. A nan na ji abin da na soke a ƙugu ya warware. Sai wata iska mai sanyi ta kogi ta taɓa mini gwiwoyi.

Shadda sabuwa, da sitaci, ta sauka har idon sawu ta tsaya a tsaye kamar bokiti biyu. Riga tana kafaɗa. Abin da ya rage tsakanina da jama'ar Gaya shi ne gajeren wandon da nake tafiyar asuba da shi, kore, ya koɗe, da ƴar huda a cinya. Direbobi suka fara danna oda. Wani ya leƙo ta taga yana ihu da Dandanci, ban so in ji abin da ya ce ba, amma na ji.

"Malam, wandonka!" in ji mai kifi.

"Na gani, Inna."

"To ɗauka mana!"

"In na sake shi sai Binin!"

"Ai kuwa gara ya tafi Binin da abin da muke gani!"

Ina so mai karatu ya fahimci halin da nake ciki. Hannu biyu gare ni, ƙaho biyu gare shi. Ni mai yawan shawara ne, ko takalmi zan saya sai na je na dawo, amma wannan karon ban yi dogon tunani ba. Na ƙara damƙe ragon.

A haka kabu-kabu ya tsaya a gefena, aka sauko. Na ga takalmin na gane shi. Alhaji Mamman ne, da igiya a hannu. Ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman jinjirin wata, ya lalubo wuyan ragon ya ɗaure, ya ja ƙulli, ya sake ja. Har yanzu idonsa na sama ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Na riƙe shi. Akwai abin da ya fi shi bukatar hannunka yanzu."

Na dawo gidan suna hannu ɗaya a ƙugu, ina fatan ƙasa ta tsage. Labari ya riga ni isowa. Sanda yana kwance a tabarma yana dukan ƙasa. "Jama'a, Kamyo ya zubar da tanti a kan hanya!"

Ban saba mayar da magana ba, amma ranar bakina ya buɗe. Na ce, "Ya zubar. Wa ya saki ragon?" Na ƙara da cewa, "Wa ya kamo shi? Kai ina na bar ka?" Dariyar ta juya kansa, ya tashi zaune yana cewa ai shi azumin nafila ya yi jiya.

Da yamma na sami ganin Hajara. Tana dariya tana riƙe ciki tana roƙona in daina kallonta don kada ta ƙara. Da ta lafa ta ce, "Ni fa na gaya maka tun kafin in haihu. Na ce ka daina minshari, na ce wuyanka ya fito. Ka ce mini sikeli bai ce ba." Gaskiya ne, haka na ce mata. Ina zaune ina duban jaririyar sai sauran abubuwan suka riƙa zuwa mini. Zaman tahiya da a da nake ƙosawa liman ya yi sallama saboda gwiwa, yanzu ban ma san na zauna ba. Ciwon kan la'asar da na manta rabona da shi. Agogon da na matsa wa huda ba tare da na tambayi kaina dalili ba. Jikina ya daɗe yana ba ni labari, ni kuma na ce ba zan saurara ba sai wani faranti na ƙarƙashin gado ya sa hannu. Sai da ya tara mini direbobi da masu kifi da surukina ya faɗa a gabansu.

Ni ba likita ba ne, ban san takamaimai abin da ya tsayar da allurar nan ba. Wataƙila tsoka ce ta maye gurbin kitse, wataƙila sikelin ne ba shi da kirki, wataƙila duka biyun. Abin da na sani, da na koma asibiti likita ya auna ya ce tansiyon ya sauko, ko da yake ya ce kada in saki jiki. Masa kuwa na ci a ranar, daidai misali, kuma washegari da asuba na fita. Ta gaban teburin mai kifin na bi, da gangan, na gaishe ta. Ta amsa tana rufe baki da mayafi.

Na san akwai waɗanda suka ɗauka a waya, na san yana yawo. Ku kalla, ban hana ba. Amma ku kalla tun daga farko, ku ga wanda ke gaba da waɗanda ke baya, kada ku tsallake zuwa ƙarshe. Har yanzu ni ba siriri ba ne, kuma mai yiwuwa ba zan taɓa zama ba. Sai dai ina sa ran, in Allah ya yarda, ranar da yarinyar nan ta fara gudu ni zan kamo ta.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Duk wanda ya fara wannan hanya, ya riƙa tambayar gwiwarsa da numfashinsa da matarsa, ya kuma je tela ya auna shi da kansa. In aka sake mayar da ni bakin titin nan yau, ragon zan sake riƙewa. Amma da zariya.