Kadangarun Katangar Inna

Ba zan taɓa mantawa da wulaƙancin da kadangaru suka ja mini ba a shekarata ta ƙarshe a jami'a, can Aliero. Aikin kammala karatuna shi ne in gano abin da kadangarun jigawa ke ci. In ban kawo su ba, ba digiri.

Na tafi wata jigawa bayan Maiyama da hular malafa da raga (har hoto na ɗauka, don abokai su san na zama masani). Kwana huɗu ina tonon rairayi da tsakar rana, ko jela ban gani ba. Wani dattijo mai kiwo ya tsaya yana kallona.

"Ɗana, mi kaka biɗa?"

Na faɗa masa.

"Ba su hita cikin wagga rana. Taho da hantsi, ka bi sawunsu."

Na ce to, a raina kuwa na ce me ya sani. Ni da na karanta littafi.

Da lokaci ya ƙure na koma gida Jega, na kame goma sha biyu a katangar bayan madafin Inna, na jiƙa su a magani, na rubuta "Maiyama" a jikin kwalba. Kadangare ai kadangare ne.

Ranar gwaji Dakta, malamar da ke duba aikina, ta ce in farke cikin ɗaya a gaban 'yan ajinmu. Na farke da ƙwarin gwiwa. Ta sa tsinke ta ɗago wani abu fari, dogo. Na yi saurin cewa tsutsa ce.

Ta kai shi kusa da tabarau, ta daɗe tana dubawa.

"A wace jigawa ake dafa taliya?"

Na biyu ma taliya, har da jan manja. Dariyar da aka yi har yau tana ƙona mini rai. Aka soke aikin, na maimaita shekara, abokaina suka tafi bautar ƙasa suka bar ni da sunan "Mai Taliya".

Da na gaya wa Inna, ko tausayi babu. "Da ka hwaɗi, ai da na bar su da yunwa."

Darasin da na koya, kuma na saye shi da tsada: in za ka yi ƙarya, kada ka kafa shaida da wanda ke cin abincin gidanku.