Ni Ma An Nemi Shawarata Daga Paris

Zuwa ga Mai Girma Babban Ofishin Haɗe Ƙananan Hukumomi, mai zama a Paris, mai hangen Lyon ba tare da ya tashi daga kujera ba. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku taswira.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya sanyi, ya gajiyar yin tunani a madadinmu? Ni ce Raliatou, mai girki a wata lakwal, wato makarantar ƙananan yara, a gefen Lyon, ƴar sandika, ƙungiyarmu ta ma'aikata, mai kati. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, murna ce ta yi mini yawa. Ni fa! Ni aka nemi shawarata! Tun da aka haife ni a Tasawa ban taɓa jin hukuma ta dubi mai wankin tukunya ta ce me kika gani ba.

Bari ku san ni tukuna. Lakwal ɗin tana bayan gidanmu, daga tagar kicin ina hango labulena. Maigidana, Malam, ɓarin jikinsa ya shanye, ko cokali ba ya iya riƙewa. Da yara sun gama cin abincin rana sai in ruga gida in ba shi nasa, in gyara masa kwanciya, in dawo ruwan wanke-wanke bai huce ba. Ɗanmu guda ne, yana Aubervilliers can gefen Paris yana dakon kaya a sito, tsakaninmu sai waya. To, ga godiyata.

Ta farko, haɗewar kanta. Ashe garuruwan nan namu za ku dunƙule su zama hukuma guda, magajin gari guda, hatimi guda, kicin guda! Kai, madalla! Kicin ɗin kuma can ƙarshen layin jirgin tiram, a sauka a hau bas, a sauka a taka. A dafa yau, a sanyaya, a zagaya da shi cikin mota, yara su ci jibi. Mu a gida ɗumame muke ce wa wannan, har ɓoye shi muke yi in baƙo ya yi sallama. Ashe ci gaba muke ta yi ba mu sani ba.

Ta biyu, ranar shawara. Yanis, wakilin sandikarmu, ya zo ya ce ran Alhamis manya daga Paris za su ji ta bakin ƴan sandika. Wayyo daɗi! A wurinmu, wanda ya tako ya zo neman shawararka ba ya komawa da yunwa, abin kunya ne. Ni da abokiyar aikina Ramatou muka dira kasuwar Vénissieux, muka yi dambu da zogale, muka soya kaji, muka cika gora da bisap, wato zoɓo. Na ciro shaddar da nake ajiya don biki. Malam da kansa ya nuna mini kwalbar turarensa da ido, wai in fesa, kada in ba shi kunya gaban manya. Muka shiga zauren taro niƙi-niƙi da kuloli, jama'a na ta ba mu hanya.

Sai ga ku a jikin bango! Fuskokinku ne cikin allon majigi, kowa a ɗan akwatinsa. Na rusuna na gaishe ku, na tambayi iyali, shiru. Sai Yanis ya raɗa mini cewa tun daga can kuka kashe makirufonmu, don kada surutunmu ya dami shawararmu. Wane irin tausayi ne wannan! Na ɗaga hannu har kafaɗata ta sage, Ramatou ta karɓe ni ta ɗaga nata da sunana. Wani mai tabarau ya yi ta nuna kibiyoyi masu launi, wannan ta shiga waccan, waccan ta haɗiye wannan, daga ƙarshe ya gode mana bisa gudummawarmu mai albarka. Wallahi ban san na bayar ba! Ko dai zuciya kuke karantawa daga Paris? In haka ne, ku yafe mini abin da kuka karanta wajen ƙarshen taron.

Dambun dai masu shara suka cinye. Sun ce a gaya muku ya yi.

Ta uku gajeriya ce. Sababbin rigunan aikinmu, masu sunan sabuwar hukumar a ƙirji, ran Laraba suka iso, shawara kuwa Alhamis. Wa ya isa ya ce ba ku da sauri?

Ta huɗu, girman da kuka ba ni. Yanzu ni ma'aikaciyar yanki ce baki ɗaya, ba ta lakwal ɗaya tilo ba. Ni da nake da tukunya uku, yau ga ni da ƙasa! Da an dawo daga hutu babban kicin zan riƙa zuwa. Ran Asabar na gwada hanyar don ɗoki: na fita da hantsi, na taɓa ƙofar, na juyo, ban shigo gida ba sai da la'asar ta kawo jiki.

To ranku ya daɗe, tunda kun tattara komai a hannunku, shara, fitilun titi, makabarta, har tukwanenmu, akwai aiki guda da na duba cikin kibiyoyin nan ban gani ba. Na san mantuwa ce, manya ba sa rasa abin yi. Shi na ɗaga hannu in faɗa.

Wanda za ku aiko ya zo da azahar. Makulli yana wajen maƙwabciya. Ya tayar da Malam zaune tukuna, ya sa masa matashi a baya. Ya zauna ta hagu, don nan ne idonsa ke gani. Ya hura kowane cokali, kada ya yi gaggawa, Malam yana ƙwarewa. In abinci ya zubo a gemunsa, a share kamar ba a gani ba, mutum ne mai kunya.

Zai tambayi inda nake. Maganar ba ta fita sosai, amma zai yi ta maimaitawa har a gane. Ni dai har yau bakina ya kasa gaya masa cewa zan daina dawowa da azahar. Da na dawo daga taro ya tambaye ni ko manya sun ji shawarata, na ce masa sosai ma, ya yi ta murmushi da rabin fuskarsa. Ku da kuka iya bayani, ku faɗa masa.

Taku mai biyayya, durƙushe, hannu a sama har yanzu,

Raliatou Maazou
Ma'aikaciyar yanki baki ɗaya