Ƙwayar Nono Mai Wutsiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo duba koyarwata a wata sakandare da ke Gummi ba, lokacin ina ɗalibin malanta mai ji da kansa a Fiziks. Makin da Dakta, malamar da jami'a ta turo, za ta ba ni shi zai raba ni da maimaita shekara. Maimakon in koyar da abu mai sauƙi, sai na ce bari in burge ta.

Na ari madubin ƙara girma, na ɗiga nono a ruwan randar makaranta (tsabtataccen ruwan gwaji ya ƙare, ni kuma ganda ta hana ni tafasa wani). Na leƙa sau ɗaya, na ga abubuwa na motsi, na ce shi ke nan.

Na gyara wuyan riga na fara zuba: ƙwayoyin ruwa da ido ba ya gani ne ke bugun ƙwayar nono ta ko'ina, sai ta yi ta rawa ba alƙibla. Kuma bugun nan dai shi ke tsayar da ita in an tura ta, kamar mutum a cunkoson kasuwa: jama'ar da ke tunkuɗa ka ita ke hana ka gudu.

“Babu mai rai a ciki!” na ce, har da buga tebur.

Ɗalibai suka yi layi suna leƙawa. Da aka zo kan Balkisu, sai ta daɗe ba ta ɗago ba.

“Malam, wagga ƙwayar taka wutsiya gare ta. Ga ta can ta bi wata da gudu!”

Aji ya kwashe da dariya. Dakta ta taso ta leƙa, kafaɗunta na rawa don dariya.

“Malam, bayaninka daidai ne, amma a kan abu marar rai, wanda turo shi ake yi. Waɗannan ƙwarin ruwa ne, ci suke suna motsi da ƙarfin kansu, dokar nan taka ba ta hau kansu ba.” Ta dubi randar. “Wannan kuke sha?”

Ni da na shanye moɗa biyu da safe!

Na ci jarrabawar da ƙyar, aka wanke randa, ni kuma na zama Malam Wutsiya har na bar garin. Tun ranar, ba na buga tebur sai na leƙa sau biyu.