Rasuwar 'Yar Baƙa, Rediyon Motar Malam Rabo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, Malam Rabo direba, na garin Pauwa, yana sanar da 'yan uwa da fasinjojinsa rasuwar rediyonsa mai memori, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Laraba da hantsi a hanyar Faskari, tana cikin magana.

Marigayiyar ba mai kiɗa ba ce, kuma ba ta taɓa kawo labarin wani hari ba. Littattafai take karantawa, irin masu sauƙin nan na ban dariya da soyayya, waɗanda kowa ke komawa gida lafiya a ƙarshensu. Duk wanda ya bi Malam Rabo daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa ya san inda hira ke mutuwa a mota, inda daji ke matso titi, kowa ya kama salati a ransa yana leƙen gonaki. A nan yake ƙara mata murya. Mata masu goyo sun sha yin dariya a wuraren da ko tari mutum ba ya son yi.

Ƙanensa Mas'ud, malamin firamare a Damari, shi ya saya masa ita, ya cika ta da karatun mutane iri-iri. Littafi ɗaya kuma ya karanta da bakinsa, labarin wani wanzami matsoraci da ya je neman aure. Ana jin zakara a bayansa, ana jin mahaifiyarsu Hajiya Mero tana kiransa cin tuwo. Bai ƙarasa ba. Da daminar bara aka tare motar da Mas'ud yake ciki, aka shiga daji da su, har yau babu labari.

Ciwon ajalinta ya fara da shaƙewar murya. Daga baya ta daina kawo karatun kowa sai na Mas'ud, kuma ko daga ina aka kunna ta sai ta tsallaka zuwa ƙarshe, inda yake gyara murya ya ce, “Bari in sha ruwa, yanzu zan dawo.” Sai ta yi shiru, ana jin iska kawai, sannan ta maimaita. Fasinjoji suka roƙi a kashe ta, Malam Rabo ya kasa. Mai gyara a Ƙanƙara ya buɗe ta, ya ce zafin rana ya cinye memorin, babu abin da za a iya cirowa.

Ta bar caja ɗaya, da robar da ake ɗaure ta da ita, da Hajiya Mero, wadda kan shiga motar da la'asar ta zauna ita kaɗai ta saurara. Ta kuma bar Malam Rabo, wanda har yanzu hannunsa ke kaiwa wurinta idan an doshi Tafoki, wani lokaci ma sai ya ji kamar an gyara murya a kujerar baya.

Za a binne ta gobe bayan Azahar, a gindin darbejiyar bayan gida. Liman ya ce babu wanka, babu salla. Hajiya Mero za ta karɓi gaisuwa a ɗakinta, amma ta roƙi masu zuwa su yi ta'aziyyar rediyon kawai. Wanda zai ambaci Mas'ud, kada ya ce marigayi.