Rasuwar Maɗinkiya ta Benci na Uku

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Baba Injiniya na ɗakin gwajin layukan sadarwa, a madadin kansa da sauran ma'aikatan benci na uku, wato teburin aikinsu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar haɗa zaren gilashi wadda kowa ya sani da Maɗinkiya. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana tara, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Ga waɗanda ba su yi zamani da ita ba, ga abin da take yi. Zaren gilashin nan da ke ɗauke da kiran waya da intanet a ƙarƙashin titi bai fi gashin kai kauri ba. In ya tsinke ba a ƙulla shi, ba a manna shi da gam. Sai a tuɓe masa riga, a goge shi, a yanke bakinsa daidai, a kwantar da bakunan biyu a cikinta, a rufe murfi. Ita za ta duba da idanunta na ciki, ta daidaita su, ta sakar musu tartsatsin wuta su narke su zama ɗaya, har haske ya wuce bai san an taɓa tsinkewa a wurin ba.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, wannan ko masoyanta ba su musa ba. Launin toka ce, ga nauyin tsiya, hannun akwatinta kuma da waya aka ɗaure shi tun shekara bakwai da suka wuce. Amma ta yi haƙuri da hannun masu koyo, ta shiga rami, ta hau bayan mota, ta sha zafin ɗakin da fankarsa ta mutu, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ba ta da munafunci. In haɗi ya yi kyau za ta faɗa, in bai yi ba za ta faɗa, ko da Farfesa ne ya yanka zaren. Maganarta kaɗan ce. In an rufe murfi sai ta ce zuuu, zuuu, tana lalube. Sai tas, ta ɗinke. Sai tit-tit, wato ya yi. In kuwa ta ja dogon tiiit, to sai a sake, kuma babu roƙon da zai sa ta canza magana.

A nan masu makoki ke son faɗin abin da ba a saba sa wa a takarda irin wannan ba. Shekara huɗu ke nan idon Baba Injiniya yana tafiya. Da farko rubutun allonta ya daina gani, daga baya lambobin jikin wayoyi, daga baya fuskokin da ke can ƙarshen ɗakin. Bai gaya wa kowa ba, har uwar 'ya'yansa, saboda ya san ranar da aka sani ranar zai bar bencin, shi kuwa ban da bencin nan bai san inda zai ajiye kansa ba. Yatsunsa sun haddace zare, kunnensa ya haddace Maɗinkiya. Sai ya riƙa sunkuyawa kan allo yana gyaɗa kai kamar mai karatu, alhali saurare yake. Ita ta rufa masa asiri, ba ta kuma taɓa yi masa gori ba. Sabuwar na'urar da aka kawo bara kuwa ba ta magana, sai dai ta rubuta 'yan mitsi-mitsin haruffa ta canza launi. Shi ya sa ya bi ta da sharri iri-iri, wai kayan wasan yara ce, wai ba ta da tarbiyya, har aka mayar da ita kwali don a zauna lafiya da dattijo.

Ajali ya biyo ta hanyar tsabta. Ranar wata Juma'a, Dakta, shugabar binciken da ake yi kan yadda zafi da danshi ke cin haɗin zare, wadda a hannun Baba ta fara koyon riƙe wuƙar yanka, ta ga kantar benci na uku ta yi kaca-kaca, ga baƙi za su zo duba ɗakin. Ta naɗe hannun riga ta gyara. Akwai kwalabe biyu farare, girmansu ɗaya, murfinsu ɗaya. Ɗaya sifirit ne na goge zare da idon na'ura, ɗayan kuwa ruwan cire gam ne, wanda ke narkar da roba. Shekara goma sha tara sifirit yana dama da fitila, ɗayan yana can ƙurya. Ta jera su kusa da juna, ta manna wa kowanne takarda, ta rubuta sunansa da jan biro.

Ranar Litinin Baba ya zo da mura, hanci a toshe. Ya miƙa hannu dama da fitila yadda ya saba, ya jiƙa auduga, ya buɗe murfi, ya goge wa Maɗinkiya idanu a hankali, har yana yi mata sannu da hutun ƙarshen mako. Kafin ya yar da audugar idanun sun yi fari fat kamar an shafa musu madara.

Ta sha wuya a jinyar nan. In an sa mata zare sai ta yi ta zuuu, zuuu, ta je gaba ta dawo baya, tana neman abin da ke gabanta, daga ƙarshe ta saki dogon kukan nan. Mai gyara ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya mayar da sukurori, ya ce sannu. An rubuta wa waɗanda suka ƙera ta, suka amsa da ladabi cewa sun daina yin irin idonta shekara takwas da suka wuce. Baba kuwa kullum yana gefenta yana sake sa mata zare, ko za ta gane. Ranar Talata ta yi lalube mafi tsawo, ta ce tas, ta ce tit-tit. Har ya fara murmushi. Dakta ta ɗaga zaren sai ya rabu biyu a hannunta. Wannan ce ƙaryar farko da marigayiya ta yi a rayuwarta, kuma ba ta ƙara wata maganar ba, don injinta na ciki ya ƙone da yawan lalube.

Tun tana kwance shugaban sashe ya tara mutane don a san wanda ya jawo. Aka ce ai a bayyane yake, wanda ya taɓa kantar sinadarai ba da izini ba shi ne. Aka miƙa wa Dakta takardar tuhuma, aka ce za a duba ko ta cancanci ci gaba da riƙe binciken da ta shekara uku a kansa. Ta juyo wajen Baba ta ce, "Haba Baba, ni fa da jan biro na rubuta, manya-manya. Ko daga bakin ƙofa ana karantawa." Sai ta tsaya. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, shi kuma yana kallon inda muryarta ta fito. Daga nan ta ce wa shugaban sashe, "Shi ke nan, ranka ya daɗe, laifina ne," ta sa hannu ta karɓi takardar. Baba yana zaune ya bar ta ta ɗauki laifinsa. A duk rayuwarsa bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake shi ba.

Don haka yake sanar da shugaban sashe da duk wanda wannan takarda ta isa gare shi cewa hannunsa ne ya kashe Maɗinkiya. Rubutun Dakta daidai yake, shi ne bai gani ba, kuma ya daɗe ba ya gani. Yana roƙon a janye takardar tuhumar, a bar mata bincikenta, a fito da sabuwar na'ura daga kwali a ba ta haƙuri, don babu ko ɗaya daga cikin abin da ya faɗa a kanta da yake gaskiya.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙanwarta, wuƙar yankan zare, wadda ita ma bakinta ya fara dakushewa, da 'yar'uwarta na'urar gano inda layi ya tsinke, da batura biyu, ɗaya ya kumbura. Ta bar haɗi sama da dubu arba'in a ƙarƙashin tituna da cikin akwatunan gwaji, waɗanda har yanzu mutane ke gaisawa da iyayensu ta cikinsu ba su san sunanta ba. Ta kuma bar dattijo ɗaya mai shekara hamsin da takwas, da yatsu masu lafiya waɗanda ba su da sauran aiki.

Za a ɗauke ta daga benci na uku ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, zuwa sito na ƙasa, kantar kayan da suka gama aiki. Baba Injiniya zai ɗauke ta da kansa, sai dai yana roƙon wani ya riƙe masa gwiwar hannu a kan matakala. Bayan an dawo zai miƙa wa Dakta makullan ɗakin gwaji, da farar rigar aikinsa in akwai mai so.

Za a karɓi gaisuwa a gidansa daga ranar Juma'a, a ƙofar gida inda za a sa kujeru. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Ana dai roƙon masu zuwa ta'aziyya, ko da sun shekara ashirin suna aiki tare da shi, in sun yi sallama su haɗa da faɗin sunansu.