Rasuwar Lasisin Gidan Su Ɗayyabu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido a kan wasu mutane, Malam Ɗayyabu direba, mai lodin Kazaure zuwa Babura, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar lasisin tuƙin gidansu, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a shingen jami'an hanya kusa da Kanya Babba.

Marigayin asalinsa na yayansu Sama'ilu ne, wanda ya bar tuƙi ya koma kiwo. Shekara goma sha ɗaya ya yi rataye a ƙusar zaure, duk wanda zai hau titi cikin ƙannen sai ya ɗauka. Mai rufin asiri ne, bai taɓa tona kowa ba. Hotonsa ya koɗe har ya yi kama da kowa a gidan, ɗan abin da ya rage kuma babban yatsa ke rufewa. Fasinjoji ba za su manta da ƙarar nan tasa ba, ƙas, idan an buga shi a kan sitiyari.

Bai yi doguwar jinya ba. Wani jami'i ya karɓe shi, ko dubawa bai yi ba, ya leƙo ya ce, "Malam Ɗayyabu, an tashi lafiya?" Shi kuwa bawan Allah, da yake ba a koya masa ƙin amsa gaisuwa ba, ya ce, "Lafiya lau, yallaɓai." Nan take rai ya yi halinsa, don sunan Sama'ilu ke jikin marigayin. Aka rubuta masa takardar tara, aka tsare motar, aka ce ba za ta fito ba sai ya kawo lasisi mai sunansa.

Marigayin ya bar mota ɗaya a tsare, direbobi uku marayu, da tukunyar da ke jiran motar ta fito.

Malam Ɗayyabu ya yarda da ƙaddara, amma bai yarda baƙon jami'i zai san sunan mutum haka kawai ba. Ya zargi Muhammadu Lawal, da ke bayansa a layin lodi, wanda ya yi masa jaje tun kafin labari ya iso tasha. Abin yana cin sa ƙwarai.

Ba za a yi jana'iza ba, don hukuma ta riƙe gawar. Maza za su sami Malam Ɗayyabu ranar Litinin a layin ofishin lasisi, inda zai zauna gwajin tuƙi da furfurarsa. Mata kuma su je gida wajen maiɗakinsa Dela, wadda ta shekara biyar tana cewa, "Malam, ka je ka yi naka." Ana roƙon masu zuwa su lura da fuskarta su kawo masa bayani, domin jiya ya gano jami'in nan ɗan ƙanwar babarta ne, kuma tun ranar Talata take waƙa a madafi.